Saitin Tapet: Tambayoyi da Amsoshi kan Ratar Bawul a Injin Mota

Wai mene ne ake saitawa idan an ce za a yi saitin tapet?

Rata ce 'yar ƙarama tsakanin kan bawul da abin da ke danna shi. Kowace silinda tana da bawul na shigar iska da mai, da kuma na fitar hayaƙi. Kamshaf (kam a taƙaice), wato wata sandar ƙarfe mai tozo-tozo da ke juyawa, shi ne ke buɗe su, sifirin kuma ya mayar da su su rufe. A wasu injina tozon kam yana danna roka, wato ɗan hannun ƙarfe mai lilo, roka ta danna bawul. A wasu tozon yana bi ta kan wani kofin ƙarfe da aka kife a kan bawul ɗin. A tsofaffin injina kuwa kam ɗin na can ƙasa cikin bulok, sanda ce ke kai turin sama wurin roka. Ko wanne ne, idan bawul ya rufe dole a sami ɗan sarari a wannan layi, yawanci tsakanin milimita 0.10 zuwa 0.35. Farar takardar rubutu kaurinta kusan 0.10 ne, ka ga ke nan maganar kaurin takarda ɗaya zuwa uku ake yi. Auna wannan sarari da mayar da shi inda masu ƙera injin suka ce, shi ne saitin tapet.

Me ya sa za a bar rata? Ba gara a matse komai ya zauna daram ba?

Saboda ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗau zafi. Kan bawul ɗin hayaƙi yakan kai digiri 700 ko fiye in mota na jan kaya. Ka ɗauki sandar bawul mai tsawon milimita 100: in zafinta ya ƙaru da digiri 200, za ta ƙara tsawo da kusan milimita 0.24. Shi ma kan injin yana buɗewa, ya cinye wani ɓangare na wannan ƙari, amma ba daidai wa daida ba, kuma ba lokaci guda ba. Bawul ne ke riga ɗaukar zafi. In ba a bar masa wurin miƙewa ba, sai ya tokare roka, ya kasa komawa mazauninsa ya rufe ruf. Wannan ne ma dalilin da ya sa ratar bawul ɗin hayaƙi ta fi ta na shiga faɗi a yawancin injina, don shi na shiga iska mai sanyi ke wanke shi kullum.

Injina yana ƙara caka-caka daga sama. Tapet ne?

Mai yiwuwa ne. Ƙarar tapet siririya ce, daga murfin sama take fitowa, tana bin juyin inji: ka taka totur ta ƙara sauri, ka saki ta ragu. Gudunta rabin na kirankshaf ne (kiran, wato sandar da fistan ke juyawa), domin kamshaf sau ɗaya yake juyawa a duk juyi biyu na kiran. Amma akwai masu kwaikwayonta. Injekta tana ƙyas-ƙyas irin nata, kuma lafiyarta ƙalau. Gasket ɗin bakin salansa in ya fashe yana tsit-tsit da safe, ya yi shiru in inji ya yi zafi. Sarƙar tayimin da ta saki tana da tata ƙarar. Ka ɗora bakin dogon sukudireba a kan murfin bawul, ka kara kunnenka a ƙotar, ka bi wuri-wuri. Inda ƙarar ta fi kaifi nan take. Ka dai kula da bel da fanka, kada riga ta shiga.

Ƙara mai nauyi, mai kama da duka daga ƙasan inji, ba ta tapet ba ce. Wannan kashe motar za ka yi a duba metal, wato ƙarafan da kiran ke juyawa a kansu.

Nawa injin shiru yake tsit, ba ƙara ko kaɗan. Ke nan ba na buƙatar saiti?

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, har da wasu kanikawa. Rata iri biyu take lalacewa. In ta yi faɗi, tana sanar da kai da ƙara. In ta matse, ba ta cewa komai, kuma ita ce mai ɓarna.

Ga yadda abin yake. A gudun juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Duk rufewa dukan mazauninsa yake yi. Sannu a hankali fuskar bawul da mazaunin suna cinyewa, bawul ya riƙa nitsewa cikin kan inji, sandarsa ta ƙara lekowa sama, ta cinye ratar. Wannan ya fi faruwa a ɓangaren hayaƙi. Shi kuwa bawul ɗin hayaƙi ba shi da wata babbar hanyar sauke zafinsa sai ɗan lokacin nan da yake zaune a mazauninsa. Kusan kashi uku cikin huɗu na zafin ta nan yake fita. Da zarar rata ta ƙare, zaman ya ragu, daga baya ma ya daina zama sosai. Wuta ta sami 'yar kafa a gefe, ta riƙa bi ta nan duk tashin fulogi. In aka ciro irin wannan bawul za ka ga gefensa ya yi fari-fari, da wani gibi kamar an yanke shi da wutar walda, wani lokaci da tsaga ta nufi tsakiya. A lokacin aikin ya wuce na sifana da geji (siraran ganyayyakin ƙarfe na auna rata), sai an sauke kan inji.

Alamun matsewa ba su da hayaniya: mota ta yi wuyar tashi, silo ya riƙa rawa, ta mutu a tsaye, ƙarfi ya ragu a hawa, wutar cek inji ta kawo lambar misin a silinda ɗaya. Sau da yawa sai an canza fulogi, an canza kwayil, an wanke injekta, kafin wani ya tuna da bawul.

Shi ya sa ba na goyon bayan saiti da kunne, inda za a yi ta matse sukuru har ƙara ta ɗauke, mai mota ya tafi yana murna. Garin neman gira ne a rasa ido. Injin da aka ƙera da tapet na saiti, ɗan kas-kas mai laushi daga samansa halinsa ne. In dole sai ka kuskure, ka kuskure ta wajen faɗi.

To faɗin fa, ba shi da illa?

Yana da ita. Gefen tozon kam yana da ɗan gangare mai laushi da aka yi don ya ɗauke rata a hankali kafin turi ya fara. In rata ta wuce kima sai a tsallake gangaren, roka ta riƙa sarar kan bawul, bawul kuma ya riƙa faɗawa mazauninsa da ƙarfi. Kan sandar ya daddage, fuskar roka ta yi rami, bawul ya buɗe a makare ya rufe da wuri, inji ya kasa shaƙar iska yadda ya kamata. Ɓarna ce, amma mai tafiyar hawainiya, kuma tana ba ka labari tun da wuri.

Kowace mota ce ake yi wa wannan aiki?

A'a. Kashi uku ne. Akwai masu sukuru da noti a kan roka, waɗanda sifana da sukudireba sun isa: Peugeot 504, Volkswagen Beetle, Toyota mai injin 22R, da yawancin injinan Honda har na zamanin nan. Akwai masu shim, wato ɗan faifan ƙarfe a kan kofi ko a ƙarƙashinsa, irin Toyota 4A-FE. A wasu kamar 1ZZ-FE babu shim ɗin ma, kofin gaba ɗaya ake canzawa da mai wani kaurin. Sai kuma masu tapet na haidurolik, waɗanda matsin baƙin mai ke cike musu ratar da kansa. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, tun 1930 Cadillac ta sa ta a injinta mai silinda 16. Irin waɗannan ba a auna su da geji. In suna ƙara, ka duba yawan baƙin mai, kaurinsa da tsabtarsa, ko kuma tapet ɗin ne ya mutu.

Kada ka yanke hukunci da shekarar mota ko sunan kamfani. Lambar injin za ka nema, ka duba littafinsa.

Nawa ne ma'aunin da ya dace?

Babu lamba ɗaya ta kowa da kowa. Ga misalai don ka ga bambancin. Peugeot 504 mai fetur: shiga 0.10, hayaƙi 0.25, a sanyi. Beetle na baya-baya: 0.15 duka biyun, a sanyi. Honda D16: shiga 0.18 zuwa 0.22, hayaƙi 0.23 zuwa 0.27. Honda V6 jerin J: shiga 0.20 zuwa 0.24, hayaƙi 0.28 zuwa 0.32. Toyota 1ZZ-FE: shiga 0.15 zuwa 0.25, hayaƙi 0.25 zuwa 0.35. Toyota 22R: 0.20 da 0.30, amma shi da zafinsa ake aunawa. A motoci da yawa ma'aunin yana nan a sitika a cikin bonet.

Ka lura da inci da milimita. Geji da yawa lambobi biyu ne a jikin kowane ganye. 0.008 na inci shi ne 0.20 na milimita, 0.010 shi ne 0.25, 0.012 shi ne 0.30. Wanda ya ga 0.010 a littafi ya ɗauko ganyen 0.10 ya matse bawul fiye da rabi.

A sanyi ko da zafi?

Yadda littafin injin ya ce. Yawanci a sanyi ne, kuma sanyi na gaske. Honda ta ce zafin kan inji ya kasance ƙasa da digiri 38. Motar da aka shigo da ita yanzu aka bar ta minti ashirin ba ta huce ba, ko da murfin ya taɓu da hannu. Mafi sauƙi a bar ta ta kwana a yi aikin da safe kafin a tayar da ita. Wanda aka ce da zafi kuma, a kai shi cikakken zafin aiki, a tanadi kaya tun kafin a kashe, a yi sauri kafin ya huce.

Waɗanne kaya nake buƙata?

Fila geji mai tsabta wanda lambobinsa ba su goge ba, sifana mai zobe daidai notin roka, sukudireba mai faɗin baki, soket da doguwar ƙota don juya fulin kiran, sifanar fulogi, sabon gasket na murfi, takarda da biro. Inda wuri ya yi ƙunci, geji mai lanƙwasasshen baki ya fi shiga. In da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ta fi.

Yaya ake yin aikin a inji mai sukuru da noti?

Ka sa giya a firi, ka ja birkin hannu, ka cire kan batir. Share ƙura daga kewayen murfi kafin ka buɗe, don duk abin da ya faɗa ciki baƙin mai zai kwashe shi ya zagaya da shi. Cire fulogi duka, inji zai yi sauƙin juyawa. Juya kiran da hannu ta inda yake juyawa in yana aiki. Yawancin injina hannun agogo suke bi in kana kallon fuli, amma tsofaffin Honda na jerin B, D, F da H akasin haka suke. Juya shi baya na iya sa bel ɗin tayimin ya tsallake haƙori.

Ka kai fistan na ɗaya ƙurewar sama a bugun matsi. Maki a jikin fuli zai zo daidai da makin da ke jikin inji, amma maki kaɗai bai isa ba, domin sau biyu yake zuwa wurin a kowane zagaye: sau ɗaya a ƙarshen matsi, sau ɗaya a ƙarshen fitar hayaƙi. Ka kama rokokin silindar ka girgiza. In duka suna ɗan motsi, tozon kam kuma ya juya musu baya, kana daidai. In suna riƙe, ƙara juyi ɗaya cikakke. Ka kuma tabbatar wace ce ta ɗaya: a yawancin motoci ta wajen fuli ce, amma Peugeot daga wajen filawil take fara ƙirga.

Kafin ka taɓa noti, auna ka rubuta. Wannan takarda ita ce za ta gaya maka, a zuwa na gaba, wane bawul ne ke nitsewa. Wanda ke cikin ma'auni ka ƙyale shi. Wanda ya fita, sassauta noti, sa geji, juya sukuru har ka ji kamun da ake so, riƙe sukurun da kyau da sukudireba, ka ɗaure noti. Sannan ka sake aunawa, domin ɗaure noti yakan ja sukuru ya canza ratar. Ba abin mamaki ba ne ka maimaita bawul ɗaya sau biyu ko uku. Notin ba ya son ƙarfin tsiya. A injinan Honda da dama tsakanin Nm 14 zuwa 20 ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne).

Daga nan juya kiran rabin zagaye, digiri 180, ka koma silinda ta gaba bisa tsarin tashin wuta. A yawancin injina masu silinda 4 a jere tsarin 1-3-4-2 ne. Beetle 1-4-3-2 ne. In ka gama, zagaya inji sau biyu da hannu, ka sake bin su duka da geji.

Na ji ana maganar lissafin tara. Mene ne shi?

Dabara ce ta tsofaffin injina masu silinda 4 da bawul 8 a layi guda. Ka ƙirga bawul daga 1 zuwa 8. Juya inji har wani ya buɗe iyakar buɗewarsa, ka cire lambarsa daga 9, abin da ya rage shi za ka saita. Na 8 ya buɗe, saita na 1. Na 6 ya buɗe, saita na 3. Amfaninta shi ne tana tabbatar da cewa wanda kake aunawa yana can bayan kam sosai. Ba ta aiki a inji mai bawul 16 ko mai siffar V, kuma dole ka san wanne ne na shiga wanne na hayaƙi, tunda ma'auninsu ya bambanta. Bi bututun: wanda ke fuskantar hanyar salansa na hayaƙi ne.

Ta yaya zan san gejin ya kama daidai?

Ganyen ya shiga a miƙe, ba a karkace ba, ya zame da ɗan riƙo kaɗan. In yana lilo babu abin da ya taɓa shi, rata ta yi faɗi. In sai ka tura da ƙarfi har yana lanƙwashewa, ta matse. Kana iya ma danne sifirin da ganyen ba ka sani ba, ka ɗauka rata ce. Wanda hannunsa bai saba ba ya yi amfani da ganye uku. In ana son 0.20, to 0.18 ya wuce salin-alin, 0.20 ya wuce da riƙo, 0.23 ya ƙi shiga. Shafa wa ganyen ɗan baƙin mai, ka goge yashi daga jikinsa.

Wani abu da ke yaudarar ko gwani: tsohuwar roka da kan bawul ya haƙa wa rami a fuska. Ganyen geji mai faɗi ne, sai ya haye bakin ramin ya ba ka 0.20, alhali bawul yana shiga cikin ramin, ainihin ratar ta kai 0.30. Ka ciro rokar ka shafa farce a fuskarta. In farce ya maƙale, sai an gyara fuskar ko an canza ta.

Mai shim fa, yaya ake yi da shi?

Aunawa iri ɗaya ce, tsakanin bayan kam da kan shim. Gyaran ne ke buƙatar lissafi. Ka ciro tsohon shim ka auna kaurinsa da maikuromita, kada ka dogara da lambar jikinsa don ya ci. Sabon kauri shi ne tsohon kauri, a tara da ratar da ka samu, a cire ratar da ake so. Misali: shim 2.80, ka sami rata 0.12, ana son 0.30. Ka tara 2.80 da 0.12 ya ba da 2.92, cire 0.30, saura 2.62. Sai ka nemi mafi kusa, 2.60, tunda da yawa tazarar 0.05 suke zuwa. Gefen da ke da lamba ƙasa yake kallo, don kada kam ya goge ta.

In shim ɗin a saman kofi yake, akwai ƙarfen da ke danne kofin a zaro shi da maganaɗisu ba tare da an cire kam ba. In a ƙarƙashi yake, ko kofin ne gaba ɗaya, sai kamshaf ya fita, tayimin ya shigo cikin magana. Wanda bai taɓa haɗa tayimin ba, ya auna da kansa in yana so, amma ya bar wa gwani canjin. Wasu sukan goge shim a dutse don su rage kaurinsa. Fuskarsa a taurare take, in aka cinye taurin ko aka bar shi a karkace, kam ne zai biya.

Bayan tafiyar kilomita nawa ya kamata a duba?

Tsofaffi masu sanda da roka sukan so dubawa duk kilomita 10,000 zuwa 20,000. Masu shim suna daɗewa, sau da yawa har kusan 100,000. Wasu littattafan zamani cewa suke a saita in an ji ƙara kawai, kuma a ganina wannan shawara ta bar ɓangaren da ya fi haɗari a buɗe, tunda matsewa ba ta ƙara. Motar da ta haura kilomita 150,000 ba a taɓa buɗe murfinta ba ta cancanci geji. Haka duk injin da aka sauke kansa aka yi gurain ɗin bawul: a saita wajen haɗawa, a sake dubawa bayan ya ɗan yi tafiya, don sababbin fuskoki suna zama.

Na mayar da motata mai amfani da iskar gas. Akwai bambanci?

Akwai. Gas a bushe yake shiga, ba ya sanyaya bawul kamar ruwan fetur, ba ya kuma barin wani abu a mazauni da zai rage gogayya. Injin da mazaunan bawul ɗinsa ba masu tauri sosai ba ne, nitsewar tana sauri. Irin wannan ne ya sami tsofaffin injina masu kan ƙarfen zubi lokacin da aka daina sa dalma a fetur. Ka rage tsawon lokacin dubawa, ka ajiye ratar hayaƙi a ƙarshen faɗi na ma'aunin littafi, ka riƙa kwatanta lambobin bana da na bara.

Saiti zai ƙara wa mota ƙarfi ko ya rage shan mai?

Zai dawo da abin da ta rasa ne kawai. In ratar ta yi nisa da ma'auni, za ka ji bambanci a silo da tashin safe. In da ma tana kusa, ba za ka ji komai ba, kuma ba a yi asarar aikin ba.

An yi saiti amma silinda ɗaya har yanzu tana misin. Me ya rage?

A gwada kwamfireshan. In silindar ta yi ƙasa da 'yan'uwanta sosai, a zuba ɗan baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa. Lamba ta tashi, zargi ya koma kan ringi. Ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kan inji. Wanda ke da na'urar hura iska cikin silinda zai ji inda take tserewa: ta salansa, bawul ɗin hayaƙi ne, ta hanyar shigar iska, na shiga ne. Bawul ɗin da aka tarar a matse amma bai ƙone ba yakan dawo daidai da saiti. Wanda wuta ta riga ta ci gefensa sai sabo, tare da gyaran mazauninsa.

Bayan an rufe, mai yana tsatsa ta gefen murfi. Me aka yi ba daidai ba?

Ko an mayar da tsohon gasket da ya bushe, ko an ɗaure ƙusoshi fiye da kima har murfin ya lanƙwashe. Ƙusoshin nan ƙanana ne, kusan Nm 10 ya ishe su, a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan. A goge fuskokin biyu su bushe kafin a ɗora. Gam ɗin gasket ɗigo ne kawai a kusurwoyin da roba ke hawa kan murfin kam, ba a shafe ko'ina ba, don abin da ya matso ciki yana gutsurewa ya je ya toshe rariyar famfon mai. In inji mai ramin fulogi a tsakiyar murfi ne, a canza robobin ramukan tare da gasket ɗin, in ba haka ba mai zai taru a kan fulogi ya jiƙa kwayil.